Gabana ya daina miƙewa kamar da, basir ne ko tsufa?

Wannan saƙon ya shigo min tun makon jiya, na gajarta shi, na kuma cire duk abinda zai sa a gane mai shi:

"Assalamu alaikum, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 47, ina da aure da yara. Kusan wata takwas kenan gabana baya miƙewa yadda ya saba, wani lokacin ya tashi amma da an fara sai ya kwanta, na asuba ma da nake gani a da yanzu sai jefi-jefi. Sha'awar tana nan bata tafi ba. Ina da hawan jini shekara huɗu ina shan magani, ina shan sigari amma ba sosai ba, aikina na zama ne kuma na ajiye tumbi. Kwanan nan ina yawan tashi fitsari da dare. Abokina yace basir ne, wani yace sanyi ne, wani kuma ya bani ƙwaya na sha sau biyu tayi aiki amma kaina kamar zai tsage. Iyalina ta fara zargin ko na daina sonta ne. Yanzu har tsoron dare nake. Me ya jawo min wannan, kuma shikenan na gama?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe tunda nasan ita ce ta hana ka barci: a'a baka gama ba, ko kusa. Wannan larura ce da ake magancewa, kuma mafi yawan mazan da suka je aka duba su yadda ya kamata suna samun sauƙi. Naji daɗi da ka faɗi komai dalla-dalla baka tsaya kewaye-kewaye ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Maza nawa ne zasu je gaban likita suyi ta lissafin ciwon baya da ciwon gaɓoɓi da kasala, a rubuta musu magani, su miƙe har su kama hannun ƙofa sannan su juyo murya ƙasa-ƙasa suce "likita akwai kuma wata 'yar magana", alhali 'yar maganar nan ita ce ta fito dasu daga gida tun farko. Wasu ma basa juyowar, haka suke fita da abinsu a ciki shekara da shekaru.

Amma zan gaya maka gaskiya, da na karanta saƙonka ba maganar shimfiɗar ce tafi tsaya min a rai ba. Abinda nayi ta komawa ina karantawa shine layin nan da ka rubuta kamar ba komai ba, hawan jini shekara huɗu, sigari, aikin zama, tumbi, fitsarin dare, sannan miƙewar asuba ta ja baya alhali sha'awa na nan daram. Duk wanda yasan harkar lafiya in yaga waɗannan a jere, wuri ɗaya tunaninsa zai tafi, wato jijiyoyin jini. Don haka ka ɗan yi haƙuri dani in maka bayanin yadda abin yake aiki, in ka gane shi da kanka zaka hango amsar tambayarka.

Miƙewar gaba aikin jini ne zalla. Babu ƙashi a wurin, kuma ba tsoka bace irin ta damtse da zaka ce ka murɗa ta tayi tauri. A cikin azzakari akwai wasu sassa guda biyu dogaye masu kama da soso, kwance gefe da gefe. Idan sha'awa ta motsa ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo ta laka zuwa jijiyoyin wurin, su kuma su saki wani sinadari da ake kira naitirik oksaid, shi yake sa bangon jijiyoyin jini ya saki su buɗe, jini ya kwararo ya cika soson nan, yana cika kuma sai ya matse ƙananan hanyoyin da jinin zai bi ya koma, sai ya zauna a ciki. Miƙewar kenan. Kaga sai abubuwa da dama sun haɗa kai, hankali a kwance, jijiyoyin saƙo lafiya lau, hanyar jini a buɗe, sinadarin maza daidai gwargwado, ɗaya ya samu tangarɗa sai kaga abu yaƙi tashi, ko ya tashi rabi-rabi, ko kuma irin naka ya tashi ya kasa riƙe jinin. Shi wannan naitirik oksaid ɗin ba ƙaramin abu bane, masana uku 'yan Amurka, Furchgott da Ignarro da Murad, sun karɓi kyautar Nobel a 1998 saboda gano aikinsa a jijiyoyin jini. Wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe cikin jijiyoyin jini tana cikin masu samar dashi, kuma ita ce hawan jini da suga da hayaƙin sigari da kitse suke fara ci.

Yanzu ɗauki misalin famfon gida. In tsatsa da datti suka fara taruwa a bututu wanne ne zai fara toshewa, babban da ya shigo da ruwan gidan ko ɗan siririn da ya tafi banɗaki? Siririn mana. Toh jijiyar da take kai jini gaba faɗinta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, na zuciya milimita 3 zuwa 4 ne, na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa kuwa sun fi su duka. Kitsen da yake liƙewa a bangon jijiya duk jiki yake bi baya zaɓe, amma ƙaramar ce take fara nunawa. Shi yasa likitocin zuciya suke ɗaukar raunin gaba a matsayin gargaɗi, don an sha gani yana riga ciwon ƙirji ko bugun zuciya zuwa da kamar shekara 2 zuwa 5. Wallahi ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Ni a wurina ma rahama ce, jikinka ya ƙwanƙwasa maka ƙofa tun da sauran lokaci, wani kam ba zai san da matsala ba sai ranar da aka kwashe shi ranga-ranga.

Fitsarin daren nan da ka ambata, shi nake so ka fara bi ta kansa. Zai iya zama maganin hawan jinin ne in irin mai sa fitsari ne kuma da yamma kake sha, zai iya zama furostet ce ta fara girma, wannan 'yar halittar da take ƙarƙashin mafitsarar maza, amma ciwon suga shine na farko da ya kamata a cire daga lissafi, ballantana in akwai yawan ƙishirwa ko kasala ko wani a danginku yana dashi. Suga mugun ɓarawo ne a wannan fannin don ta ƙofa biyu yake shiga, yana lalata jijiyoyin jini yana kuma cinye jijiyoyin saƙo, irin dai yadda yake sa tafin ƙafar masu shi ya riƙa zugi ko ya mutu a taɓa basu ji ba. Wani nazari da aka fitar a 2017 wanda ya tattara bincike 145 ya nuna fiye da rabin maza masu ciwon suga suna da raunin gaba, kusan ninki uku da rabi na waɗanda basu dashi. Kuma da wuri yake zuwar musu, shekara 10 zuwa 15 kafin sa'o'insu. Abin haushin shine suga yana iya zama a jikin mutum shekaru bai sani ba yana ta ɓarna a ɓoye, maza da yawa ta dalilin wannan matsalar ta shimfiɗa ne ma aka gano musu shi.

Sai hawan jinin. Kace kana shan magani amma baka ce min nawa jinin yake nunawa in an auna ba, kuma nan ne maganar take. Shan magani daban, jini ya sauka daban. Hawan jinin da bai daidaita ba yana sa bangon jijiya yayi kauri yayi tauri ya daina buɗewa yadda ya kamata. Sannan ga ɗaya gefen da ya kamata ka sani, wasu daga cikin magungunan hawan jinin su kansu suna rage ƙarfin gaba, musamman masu sa fitsari dangin tayazaid da tsofaffin masu rage bugun zuciya irin su atenolol, alhali wasu kamar losatan ba a san su da wannan halin ba. Ka tuna da kyau, wata takwas ɗin nan da abin ya fara, an canza maka magani ko an ƙara maka wani a daidai lokacin? In eh ne toh ka riƙe wannan ka gaya wa likita. Amma dan girman Allah kada ka karanta wannan ka je ka ajiye maganinka, na roƙe ka. Maza da yawa sunyi haka a ɓoye, suka daina sha basu gaya wa kowa ba don su farantawa iyali, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya, gaban da ake son gyarawa kuma ya ƙara lalacewa tunda jinin ya koma ya hau. Canzawa ake yi, kuma aikin likita ne, minti biyar bazai ɗauke shi ba. Banda na hawan jini akwai wasu magungunan da aka sani da haka, wasu na ciwon damuwa da na taɓin hankali, simetidin na olsa, finasteraid da ake sha don furostet ko zubewar gashi. In kana shan wani abu ko da kana ganin bashi da alaƙa, ka haɗa dashi ka nuna.

"Ina shan sigari amma ba sosai ba." Ɗan'uwa wannan jimlar ban yarda da ita ba, kayi haƙuri. A wurin mutum mai hawan jini wanda gabansa ya fara rauni babu wani ba sosai ba. Nikotin yana tsuke jijiyar jini a take, cikin mintuna, sauran dafin hayaƙin kuma yana bin shimfiɗar nan da na gaya maka yana ƙona ta a hankali, wato kara ɗaya da ka kunna bayan cin abincin dare yana aiki ne kai tsaye akan abinda kake nema anjima. Shisha ma duk kanwar ja ce. Daɗin abin shine waɗanda suka daina, musamman tun shekaru basu ja sosai ba, da yawansu suna ganin canji. Baka ambaci giya ko ƙwayoyi ba don haka bazan zarge ka ba, amma saboda sauran masu karatu bari in faɗa, giya mai yawa tana kashe jijiyoyin saƙo tana taɓa hanta tana rage sinadarin maza, tiramol da kodin kuma, waɗanda wasu samari suke sha wai don su daɗe, suna danne sinadarin maza ne sosai, yau ka daɗe, bayan shekara biyu kuma abin ma yaƙi tashi balle ayi maganar daɗewa.

Tumbi kuwa ba kitse ne kawai da yake zaune yana jiran a ɗaura masa bel ba, aiki yake yi. Kitsen ciki yana juya wani kaso na testosteron, sinadarin maza, zuwa irin na mata, yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini, wanda shine hanyar kamuwa da ciwon suga, kuma yawanci tare suke tafiya da kolestirol, wato kitsen cikin jini. A Italiya anyi wani gwaji da aka wallafa a 2004, maza 110 masu ƙiba da raunin gaba, aka raba su biyu, rabi aka dage dasu akan rage ƙiba da motsa jiki na shekara biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ƙarfinsu ya dawo ba tare da ƙwaya ba. Ina son wannan binciken don yana nuna abin yana juyawa baya in an taimake shi. Sannan ka tambayi madam, kana minshari? Irin mai ƙarfin nan da mutum zai yi shiru kamar numfashi ya ɗauke sannan ya fizgo shi da ƙarfi? In haka ne, kuma kana tashi da safe a gajiye kana gyangyaɗi a wurin aiki, toh akwai larurar ɗaukewar numfashi a barci, tana hana jini samun iska da dare, tana tada hawan jini, tana kawo fitsarin dare, kuma tana da hannu dumu-dumu a raunin gaba. Mutane basa kawo ta a lissafi ko kaɗan.

Shi testosteron ɗin da ake ta talla a kansa, gaskiya ba shi ne yafi yawan jawo matsalar ba. In yayi ƙasa sha'awar ce take fara tafiya, mutum yaji ko a jikinsa, ga kasala ga raguwar ƙarfin jiki. Kai kuma kace taka tana nan. Duk da haka a auna, amma kada ka yarda wani ya ɗora ka akan allurarsa ba gwaji, don tana iya tsayar da samar da maniyyi ta hana haihuwa.

Ka tambaya ko tsufa ne. Shekaru suna da nasu kason, babu musu. Babban binciken da akafi kafa hujja dashi shine wanda akayi a jihar Masacuset ta Amurka aka fitar a 1994, maza 1,290 'yan shekara 40 zuwa 70, kashi 52 cikin 100 suna da wani mataki na raunin, daga ɗan kaɗan zuwa mai tsanani, amma waɗanda abin ya mutu musu gaba ɗaya kusan kashi 10 ne kacal. Ka duba wannan lissafin da kyau, cikin abokanka da kuke zama ana hira ana bugun ƙirji, da wuya ace kai kaɗai ne, kowa dai yayi shiru da nasa ne. Kuma abinda yake tafiya da shekarun yawanci cututtukan da suke taruwa ne a hanya, shi yasa zaka ga ɗan 65 mai lafiyar jijiya yana harkarsa lafiya lau, ɗan 40 mai suga da sigari yana fama. Gaskiya ne dai in an manyanta abin yana buƙatar ɗan lokaci da taɓi kafin ya amsa, kuma hutun da ake yi tsakanin zagaye yana ƙara tsawo, wannan ba ciwo bane. Samari ma basu tsira ba, wani bincike a Italiya a 2013 ya samu cewa ɗaya cikin huɗu na mazan da suka fara zuwa asibiti da wannan kukan basu kai 40 ba.

Yanzu bari mu zo kan "tsoron dare", don wannan kalmar ta taɓa ni. Nasan yadda yake. Ana idar da hirar dare fargaba ta fara kama ka, ka zauna a falo kana ta latse-latsen waya ba abinda kake karantawa, kana kasa kunne kaji numfashinta ya canza alamar tayi barci sannan ka lallaɓa ka kwanta a bakin gado ka juya baya, a ranka kana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ranar da kuma ka daure ka matsa, rabin hankalinka baya wurinta, yana can ƙasa yana gadi, ya tashi? zai tsaya? ya fara laushi ko? Toh wannan gadin shi kansa yana kashe abin. Fargaba tana sa jiki ya saki adirenalin, sinadarin gudu ko faɗa, aikinsa kuma shine ya tsuke jijiyoyin jinin wurin, kishiyar abinda ake buƙata kenan. Jiki bai san bambancin tsoron zaki da tsoron jin kunya ba. Sai kaga gazawa ɗaya ta haifi tsoro, tsoro ya haifi ta biyu, a haka a haka har ya zama ɗabi'a. Ga wasu mazan, musamman matasa da sababbin angwaye, wannan ne kaɗai matsalar, ko damuwar bashi da ta aiki, ko saɓani da iyali, ko ciwon damuwa, wasu kuma sun saba da kallon batsa da biyawa kai buƙata har jikinsu ya daina amsawa ga mace ta gaske yadda ya kamata. Yadda ake ɗan rarrabewa shine, namiji mai lafiya gabansa yana miƙewa sau 3 zuwa 5 a cikin barci ko bai sani ba, ta asuba ita ce ta ƙarshe da yake farkawa ya tarar. In wannan tana nan da ƙarfinta, kuma matsalar farat ɗaya ta zo, wata rana lafiya wata rana babu, anfi zargin tunani. In kuma a hankali ta riƙa raguwa har ta asubar ta ja baya, anfi zargin jiki. Naka yafi kama da na biyun, tsoro kuma ya zo daga baya ya hau kai, don haka duka biyun za'a kama.

Maganar basir kuma, an bar jaki ana dukan taiki. Basir kumburin jijiyoyi ne a dubura, yana ciwo yana jini yana hana sakewa, kuma mai jin zafi ba lallai yaji sha'awa ba, wannan gaskiya ne, amma baya cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna kashe gaba. Abinda yasa ake yawan ganinsu tare shine yawan zama da ƙiba da rashin motsi suna kawo wannan suna kawo wancan. Abinda yake ƙona min rai shine mutum ya shafe shekara uku yana wankin ciki yana zawo da sunan maganin basir, suga kuma na can yana cin jijiyoyinsa da idonsa da ƙodarsa. Sanyi kuma in ana nufin ciwon da ake ɗauka ta saduwa ko kumburin furostet, yana da alamominsa, zafin fitsari, fitar ruwa ko mugunya, ciwo a mara ko tsakanin maraina da dubura, baka ambaci ko ɗaya ba, in akwai kuma gwaji ake yi a bada maganin da ya dace.

Akwai sauran dalilai da nake ganin basu shafe ka ba amma ka duba ko da ɗaya, tiyatar furostet ko ta mara, gashin da ake yi wa ciwon daji a wurin, buguwa a ƙashin baya ko ƙugu, ciwon ƙoda mai tsanani, matsalar maƙoƙo, cutar makyarkyata ta Fakinsin, lanƙwashewar gaba mai zafi saboda tabo a ciki. Masu sikila kuma su kula da miƙewar nan mai zafi da take ƙin kwanciya, in ta kai awa 4 asibiti ake garzayawa ko tsakar dare ne, don in aka bari tana lalata soson har abada.

Toh sai ƙwayar abokinka. Ina kyautata zaton sildenafil ce ko 'yar uwarta, wadda aka fi sani da Viagra. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa ta, asalinta ma maganin ciwon ƙirji ake gwadawa sai aka lura da wannan aikin nata, aka amince da ita a Amurka a 1998, Cialis kuma ta biyo baya, ita tana iya kai awa 36 a jiki. Magunguna ne na gaske masu aiki, ba abin kunya bane, kuma mai yiwuwa likita ma ya rubuta maka ɗaya daga ciki. Ciwon kan da kaji saboda tana buɗe jijiyoyin jini ne har na kai, wataƙila kuma ƙarfin da aka baka yafi naka. Kasancewar tayi maka aiki ma alama ce mai kyau, hanyar bata toshe gaba ɗaya ba. Matsalata da ita biyu ce. Na ɗaya bata gyara bututun, tana ƙara matsin ruwa ne na 'yan awanni, tsatsar na nan tana ƙaruwa, kai kuma ka samu abinda zai sa ka manta da gargaɗin. Na biyu kuma shine mai kisa, duk mai shan maganin ciwon ƙirji dangin naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da ita jininsa zai iya faɗuwa warwas a rasa shi. Kuma ka kiyayi abubuwan da ake tallatawa a intanet wai na ganye ne zalla babu sinadari, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama irinsu da sildenafil a ɓoye a ciki, ba'a rubuta ba, ba'a san adadinsa ba.

Ga abinda nake so kayi cikin satin nan, ba wata mai zuwa ba. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda harda ragowar ƙwayar abokin naka, ka tafi wurin likitan da yake duba hawan jininka, kuma ka fara da wannan maganar tun kana zama kada ka bari sai a bakin ƙofa. Kace masa kawai "likita wata takwas kenan gabana baya tsayawa", wallahi bazai ko ɗaga gira ba, kullum yana jin irinta. A auna jini, in yana kai 140 bisa 90 ko sama toh bai daidaita ba. A auna suga kafin ka karya, 126 ko sama a ma'aunin miligiram, wato 7 a ɗaya ma'aunin, in an maimaita ya tabbata, ciwon suga ne, ko ayi gwajin HbA1c mai nuna na wata uku, shi kuma daga 6.5. A duba kolestirol da ƙoda, a ɗebi jinin testosteron da safe kafin ƙarfe 11 don lokacin yake sama. In kana jin nauyi a ƙirji ko haki in ka hau bene hawa biyu, wannan ka faɗe shi kafin komai, kuma ka dakata da ƙwayar har sai an duba zuciyar. Kai kuma naka aikin, ka ajiye sigarin nan gaba ɗaya, ka fara tafiya da sauri minti 30 sau biyar a sati wanda shine minti 150 ɗin da hukumar lafiya ta duniya take cewa, a wurin aiki ka riƙa miƙewa kana ɗan zagayawa, ka rage zaƙi da maiƙo, ka samu barci. Ba'a sati biyu ake ganin sakamako ba, ka bashi watanni.

Saura madam. Ɗan'uwa ka tausaya wa baiwar Allahn nan. Ka sa kanka a matsayinta, miji ya daina matsowa, ya daina ko riƙe hannu, yana kwana a falo da waya, kuma bai ce komai ba, me kake so ta ɗauka? Zata tsaya gaban madubi tana neman laifin jikinta, ko ta fara tunanin akwai wata, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, shirun nan naka kuma shine tsagar. Ka same ta da rana, ba'a kan gado ba, lokacin da yara basa kusa, kace mata "wance, ba ke bace, ina sonki kamar da, jikina ne ya samu matsala kuma ina zargin hawan jinin nan ne, zan je asibiti ranar kaza". Mafi yawan mata in suka ji haka ajiyar zuciya suke yi, don abinda suke tsoro yafi wannan muni nesa ba kusa ba. Sannan ku yarda a tsakaninku na ɗan wani lokaci ku riƙa kusantar juna da wasa da runguma ba tare da an ɗora wa abin dole sai an kai ga saduwa ba, masu ilimin wannan fannin da kansu suna bada wannan shawarar, don in aka cire jarrabawar mai gadin nan na cikin kai yana sakin jiki, ita ma kuma tana da hanyoyin samun gamsuwa da basu rataya akan miƙewarka kaɗai ba. In zata yarda ta raka ka asibitin ma yafi, ita ce ta san minsharinka, kuma ita zata tuna abinda likita yace in kai ka manta.

In sakamakon ya fito ka sake rubuto min, ka turo min lambobin jinin da na sugan da sunan maganin hawan jinin da kake sha, mu duba tare. Allah ya baka lafiya, ya daidaita tsakaninka da iyalinka.